Ba A Sanin Ci Kafin A Tashi: Martani Ga Mai Yanke Hukunci Kan Wasan Nijeriya Da Ghana

Kwanan baya wata maƙala ta zagaya hannun masu sha'awar ƙwallon ƙafa, wadda wani marubuci da na sani da iya alƙalami da ƙaunar ƙasarsa ya rubuta game da daɗaɗɗiyar hamayyar da ke tsakanin Nijeriya da Ghana, inda ya yanke hukunci, ba tare da togaciya ko ɗaya ba, cewa duk ranar da ƙasashen nan biyu suka sake karawa a wasa mai muhimmanci Nijeriya ce za ta yi nasara, kuma wai wannan al'amari ne da mai hankali zai iya saninsa tun kafin alƙalin wasa ya busa usur. Da malamin ya tsaya ga bayyana fatansa, da ban ɗauki alƙalami ba, domin fatan nan nawa ne ni ma. Abin da ya tilasta mini magana shi ne ya ɗauki zato ya tufatar da shi rigar yaƙini, sa'an nan ya gina a kansa wasu hukunce-hukunce biyu waɗanda nake ganin cutarwarsu ga matasanmu ta fi ƙarfin a yi shiru a kanta.

Adalci ya wajabta in fara kawo hujjojinsa yadda ya tsara su. Ya ce Nijeriya ta doke Ghana da ci biyu da ɗaya a Marrakesh a watan Maris na 2024, ta sake doke ta da ci biyu da ɗaya a Landan a watan Mayu na 2025. Ya ce Victor Osimhen ne gwarzon ɗan wasan Afirka na 2023, Ademola Lookman kuma na 2024, alhali Ghana ta kasa ko samun gurbi a gasar cin kofin Afirka ta 2025. Ya ce jadawalin hukumar FIFA ya daɗe yana ɗora Nijeriya a saman Ghana, kuma in aka yi wasan a gida, gaban dubban magoya baya, to magana ta ƙare. Daga nan sai ya fitar da natija biyu: ta farko, duk ɗan ƙasar da ya yi kokwanton nasara raunin kishin ƙasa ne ke damunsa; ta biyu, saurayin da ya zuba 'yan kuɗinsa a kan wannan sakamako bai cancanci zargi ba, tun da a cewarsa ba a kan duhu ya zuba ba. Ban sami kuskure a cikin labaran da ya kawo ba, duk haka suka faru. Saɓanina da shi yana wajen abin da ya ce labaran nan suna haifarwa.

Malaman usulu, tun a littattafan farko da ake karantar da ɗalibi a zaure, sun rarraba fahimtar ɗan Adam daraja-daraja: akwai yaƙini, wanda ba ya karɓar kishiya, akwai zanni, wato rinjayen ɓangare ɗaya tare da yiwuwar ɗayan, akwai shakka, inda ɓangarorin biyu suka yi kunnen doki, akwai kuma wahami, shi ne ɓangaren da aka rinjaya. Malaman manɗiƙi kuma sun tabbatar da cewa bibiyar wasu misalai kaɗan domin a fitar da hukunci a kan duka ba ta isar da mutum ko'ina sai ga zanni. To, ina tambayar malam da girmamawa: wasanni biyu na sada zumunta, waɗanda masu horarwa ke gwada sababbin 'yan wasa a cikinsu, kuma babu gurbin wata babbar gasa da ya rataya a kansu, a wace daraja suke ajiye mu? Iyakar abin da za su ba mu shi ne rinjayen zato, kuma ko shi ɗin mai rauni.

In kuwa tarihi ne hujja, ai bai kamata a yanko shekara biyu daga cikinsa a jefar da saba'in ba. A 1955, tun ana kiran ƙasar Gold Coast, sun ci mu bakwai ba ko ɗaya a Accra, kuma har yau ba a taɓa yi wa Nijeriya ci irin wannan ba. Mu ma mun sha ramawa: a Fatakwal a 2001 mun ci su uku da nema muka wuce gasar kofin duniya, a Bamako a 2002 Garba Lawal ya jefa ƙwallo ɗayar da ta fitar da su daga gasar Afirka, a Masar a 2006 Taye Taiwo ya jefa ƙwallo ɗayar da muka doke su da ita a wasan rukuni. Mai hasashe irin na malam, da yana rubutu a ƙarshen 2006, da ya rantse cewa Ghana ta zama tamu. Me ya biyo baya? Sun ci mu huɗu da ɗaya a Landan a 2007. Sun fitar da mu daga gasar Afirka a Accra a 2008 da ci biyu da ɗaya, alhali mu muka fara ci, kuma su goma suka ƙarasa wasan bayan an ba John Mensah jan kati. Sun sake fitar da mu a Luwanda a 2010 da ƙwallon Asamoah Gyan. Kofin Afirka kuwa huɗu gare su, mu uku. Tarihin da ke juyawa haka, yau nan gobe can, ta yaya za a kafa shi shaida a kan gobe?

Amma babbar hujjata a kan malam ita ce watan Maris na 2022, lokacin da muka kara da Ghana gida da waje neman gurbin gasar kofin duniya ta Ƙatar, domin a wannan wata dukkan sharuɗɗan da ya lissafa sun taru cif, babu wanda ya ɓace. Wata biyu kafin nan an yi gasar Afirka a Kamaru, inda Nijeriya ta cinye wasanninta uku na rukuni a Garwa, ta doke Masar da Sudan da Gini Bisau, ita kuwa Ghana ta ƙare a ƙasan rukuninta da maki ɗaya tak, har tsibirin Komoros, wanda wannan ne zuwansa na farko gasar, ya ci ta uku da biyu. Suka sallami mai horarwarsu Milovan Rajevac, suka ɗauko Otto Addo na riƙon ƙwarya ana saura 'yan makonni. Kyaftin ɗinsu André Ayew yana ƙarƙashin dakatarwa saboda jan katin da ya samu. Mai tsaron gidansu, Jojo Wollacott, a lokacin yana kama wa Swindon Town ne, a rukuni na huɗu na ƙwallon Ingila, alhali mu muna da Osimhen na Napoli a gaba. Jadawalin FIFA ya sa Nijeriya cikin ƙasashe biyar da aka fifita wajen jefa ƙuri'a, abin da ya ba mu damar yin wasa na biyu a gida. Wace hujja ce malam yake da ita yau wadda ba ta fi haka ƙarfi ba a wancan lokaci?

Ranar 25 ga Maris aka tashi babu ci a filin Baba Yara na Kumasi. Ranar 29 ga wata aka dawo Abuja, filin Moshood Abiola ya cika ya batse da mutum wajen dubu sittin. Wajen minti goma da farawa Thomas Partey ya buga wata ƙwallo daga bayan da'ira, irin wadda Francis Uzoho ya saba kamawa ba tare da wahala ba, sai ta sulale ta ƙarƙashinsa ta shiga raga. William Troost-Ekong ya farke da bugun fenariti a minti na 22, Osimhen ya jefa wata aka soke ta saboda satar gida, aka yi ta kai hari har lokaci ya cika, aka tashi ɗaya da ɗaya, Ghana ta tafi Ƙatar bisa ƙa'idar ƙwallon da aka ci a waje. Ina so malam ya nuna mini, a cikin jadawalin FIFA ko a cikin jerin sunayen gwanayenmu na Turai, layin da aka rubuta cewa hannun mai tsaron gida zai kuskure a wannan daƙiƙa. Kuma kada a ce wannan tsautsayi ne na rana ɗaya, domin Ghana ɗin da malam ya raina saboda ta rasa gasar Afirka ta 2025 ita ce ta sami gurbin kofin duniya na 2026, mu kuwa da gwarazan Afirka biyu a hannunmu Kwango ta tare mu a Rabat da bugun fenariti.

Batun gida ma, wanda malam ya ce shi ke rufe magana, mutanen Kano ba sa bukatar a tuna musu. A watan Yuni na 2005 aka kawo Angola filin Sani Abacha, Jay-Jay Okocha ya ci tun da wuri, Angola ta farke bayan hutun rabin lokaci, kuma wannan canjaras ɗin ne ya hana mu zuwa Jamus a 2006, domin mun ƙare da maki daidai da su, suka wuce da fifikon karawar da ke tsakaninmu. A Legas aka yi wasan ƙarshe na gasar Afirka ta 2000, Kamaru ta ɗauke kofin a gabanmu, bayan bugun Victor Ikpeba ya daki ƙarfen sama ya faɗa bayan layi alƙali bai gani ba. A daren da muke kuka a Abuja ma, Aljeriya, wadda ta riga ta ci Kamaru a Duwala, ta jefa ƙwallo a Blida a minti na 118, jama'arta suka fara murnar tafiya Ƙatar, sai Karl Toko Ekambi ya ci a minti na 124 ya mayar da murnar makoki. Wanda kuma yake son ganin iyakar abin da yaƙinin ƙarya ke jawowa, ya dubi Barazil a ranar 16 ga Yuli 1950. Ta ci Suwidin bakwai da ɗaya, ta ci Sifen shida da ɗaya, canjaras kawai take nema a hannun maƙwabciyarta Yurugai, a filin Marakana, gaban mutum kusan dubu ɗari biyu, har wata jarida ta riga ta buga hoton 'yan wasan ta kira su zakarun duniya tun da safe. Barazil ta fara ci, Schiaffino ya farke, Ghiggia ya ƙara. Mai tsaron gidansu Barbosa ya rayu kusan shekara hamsin bayan wannan rana yana ɗauke da zargin al'umma guda, saboda ta kasa yafe masa rushewar abin da marubutanta suka tabbatar mata.

Dalilin wannan duka yana cikin ɗabi'ar wasan kansa, kuma a nan ne nake ganin malam bai zurfafa nazari ba. Ƙwallon ƙafa wasa ne mai ƙarancin ci. A gasar kofin duniya ta 2022 an ci ƙwallo 172 a wasa 64, wato ƙasa da uku a kowane wasa idan aka raba. A wasan da ake cin maki ɗari, kamar ƙwallon kwando, kuskure ɗaya yakan narke cikin yawan maki, gwani ya fito fili a ƙarshe. Amma inda ƙwallo ɗaya ke raba gardama, santsin ciyawa, ko turken raga, ko tutar mataimakin alƙali, ko jan kati a minti na ashirin, kowannensu ya isa ya rinjayi fifikon da aka tara shekara da shekaru. Ƙari a kan haka, tawagar ƙasa ba kulob ba ce: 'yan wasa sukan taru ne daga ƙasashe dabam-dabam kwana uku ko huɗu kafin wasa, wani ya sauko daga sanyin Turai zuwa zafin Maris, ba su sami sabon da 'yan kulob ke samu ta atisayen kullum ba. Sa'an nan wasan hamayya yana da nasa hali, domin raunanan 'yan wasa sukan yi abin da ya fi ƙarfinsu saboda gudun kunya, masu ƙarfi kuma nauyin tsammanin jama'a yakan ɗaure musu ƙafa. Ɗan hakin da ka raina, in ji Hausawa, shi ke tsone maka ido, kuma Ajantina ta shaida haka sau biyu: a hannun Kamaru a 1990 tana riƙe da kofin duniya, da hannun Saudiyya a 2022 bayan ta yi wasa 36 ba a doke ta ba.

Yanzu sai natijarsa ta farko, wadda ta fi yi mini ciwo, wato ɗaura kishin ƙasa a kan tabbatar da nasara. Ashe mai horarwar da ya zauna ya ƙididdige ƙarfin abokin karawa, ya gargaɗi yaransa cewa za a iya cin su, maƙiyin ƙasa ne? Ashe likitan da ya gaya wa majiyyaci gaskiyar ciwonsa ya fi mai yi masa daɗin baki ƙarancin ƙauna? Mu duba abin da ya faru a Abuja bayan busan ƙarshe: jama'a suka ɓalle suka afka cikin fili, suka farfasa kujerun 'yan wasa da allunan talla, 'yan sanda suka harba hayaƙi mai sa hawaye, daga baya FIFA ta ci Nijeriya tara, ta kuma hukunta ta da yin wasa ɗaya ba 'yan kallo. Ban ɗora wa marubuta laifin kowane dutse da aka jefa ba, amma mutumin da aka shafe makonni ana gaya masa cewa nasara hakkinsa ce tabbatacciya, in ta kuɓuce ba zai ce an fi mu sa'a ba, cewa zai yi an ci amanarsa, sai ya tashi neman wanda zai huce a kansa. Wanda aka gaya wa gaskiya tun farko, cewa muna da rinjaye amma ana iya cin mu, zai koma gida da baƙin ciki, ya kwana, ya tashi.

Akwai kuma wani abu da ya kamata mai rubutu da Hausa ya riƙa tunawa fiye da kowa. Masu karanta shi ba a Kano da Kaduna kaɗai suke ba. Suna zangon Kumasi, suna Nima a Accra, unguwar da aka haifi Mohammed Kudus, suna Tamale da Salaga, jikokin fataken da suka bi hanyar Gwanja neman goro tun kafin a zana iyakokin nan. Waɗannan 'yan'uwanmu ne na harshe da addini, da yawansu ma na jini, kuma Ghana ce ƙasarsu, ita suke goyon baya, da gaskiyarsu. Ƙasashen biyu sun riga sun ɗanɗana ɗacin korar juna, a 1969 daga can, a 1983 daga nan, kuma talakawa ne suka ɗauki kaya a ka. Alƙalamin da ke koya wa yaro cewa maƙwabcinsa ba abin a yi lissafi da shi ba ne, raini yake shukawa, ko da mai shi wasa ya nufa.

Natija ta biyu kuwa, wato sassauci ga mai zuba kuɗi, ba ta bukatar dogon jayayya ta fuskar shari'a, domin aya ta 90 ta Suratul Ma'ida ta haɗa caca da giya a hukunci ɗaya, kuma ban san wani malami abin dogaro da ya togace cacar da mai yinta yake ganin ya ƙware ba. Amma ko da mun ajiye hukunci mun ɗauki lissafi zalla, maganar malam ba ta tsayawa. Kamfanin caca yana da ma'aikata da kwamfutoci da bayanan da suka ninka na kowane marubuci, kuma duk da haka ba ya yanke cewa wane ne zai ci. Abin da yake yi shi ne ya tsara farashin nasara da canjaras da faɗuwa ta yadda, ko wanne ya auku, wani kaso zai zauna a aljihunsa. Ribarsa ta dogara ne a kan jahilcin kowa game da sakamako, tare da yaƙinin da masu zubawa ke ji a ransu. Ga misali mai sauƙi ga yaranmu masu haɗa wasa goma a tikiti ɗaya: ko da a ce kowane wasa suna da rinjayen bakwai cikin goma na dacewa, wanda kuwa rinjaye ne babba, damar a ce duka goman sun zo daidai ba ta kai uku cikin ɗari ba. Ɗan acaɓa ko ɗan tireda da ya karanta maƙalar malam, ya ɗauki cinikin yininsa ya kai shagon caca saboda wani mai ilimi ya ce masa abin tabbas ne, wa zai biya shi in tikitin ya tsage? Malam zai rubuta wata maƙalar ya bayyana dalilan da suka sa aka yi rashin sa'a, shi kuwa yaron zai koma gida hannu wofi.

Kada a fahimce ni da cewa ina haramta nazarin wasa ko kirdadon sakamako. Manomi yakan dubi gabas ya ga hadari ya haɗu ya ce yau akwai alamar ruwa, ya kintsa irinsa, babu mai zarginsa da da'awar sanin gaibu, domin ya kafa zatonsa a kan alama, ya kuma bar wa Mai sama ikonsa. Haka mai sharhin ƙwallo yake da damar ya auna 'yan wasa, da dabarun masu horarwa, da rauni da dakatarwa, da yanayin fili, ya ce a ganina Nijeriya ta fi kusa da nasara. In aka tambaye ni yau, abin da zan faɗa ke nan, kuma zan ƙara da cewa canjaras ko faɗuwa ba abin mamaki ba ne. Abin da na ƙi shi ne a tsallake daga "ta fi kusa" zuwa "ba makawa", domin ƙarshen Suratu Luƙman ya sanya abin da rai zai aikata gobe cikin abubuwan da Allah Ya keɓanta da saninsu, Suratul Kahfi kuma ta yi umarni da a rataya kowane alkawarin gobe a kan mashi'arsa. In an umarci mutum da haka a kan aikin da shi da kansa zai yi da hannunsa, ina ga aikin mutum ashirin da biyu da alƙali da iska da ƙwallo mai gangarawa?

Saboda haka ina roƙon malam, don girman Allah da hakkin masu karanta shi, ya sake ɗaukar alƙalaminsa ya gyara abu biyu a fili, yadda ya faɗe su a fili: ya janye tuhumar raunin kishi daga kan waɗanda suka ce Ghana na iya cin mu, ya kuma gaya wa matasa ƙarara cewa kada kowa ya kai ko sisin kwabo shagon caca bisa dogaro da maganarsa. Sauran hasashensa kuwa ya riƙe abinsa, ya kira shi zato, mu haɗu a gidan kallo ranar wasan.